Lido da karta sun koma waya, dara ta tsaya a ƙasa: Gardamar da ake yi a majalisun Masarautar Gumel

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan lido ya san ƙarar nan. A jefa dayis biyu a ɗan kofin roba, a rufe bakinsa da tafin hannu, a girgiza, a kife a kan gilashin allo. Kafin a ɗaga kofin kowa ya yi tsit. Ana ɗagawa, sai shewa ko tsaki.

A Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗun da ke ƙarƙashin Masarautar Gumel a arewacin Jihar Jigawa, har yanzu ana jin wannan ƙara, musamman bayan kaka, idan an kai riɗi da zoɓo kasuwa, aikin gona ya lafa, hira ta yi tsawo.

Amma ta ragu. A shagon cajin waya, a teburin mai shayi, a bakin tasha, abin da za ka fi gani yanzu shi ne samari uku ko huɗu sun sunkuya a kan waya guda, kowa na jiran layi ya zo kansa ya dangwala yatsa.

Wasan dai bai mutu ba, ƙaura ya yi. Sai dai ya tafi ya bar wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: shin wayar nan ba ta maguɗi kuwa?

A gidanmu ma an rabu biyu. Ƙanena ya rantse cewa manhajar tana gane lokacin da mutum ya kusa cin wasa, sai ta hana shi shida, ta bai wa abokin karawarsa daidai lambar da zai cinye shi da ita. Duk da haka ba ya kwana bai buga ba. Kawunmu kuwa, wanda ya yi shekaru yana kaɗa dayis tun kafin a haife mu, ko taɓa ta ba ya yi. Hujjarsa guda ce: shi ba ya wasa da wanda ba ya ganin hannunsa.

Na daɗe ina ɗaukar maganar kawu a matsayin rigimar tsufa. Yanzu na canza ra'ayi, kuma zan faɗi dalili. Amma bari mu fara da ƙorafin ƙanena, domin shi yana da amsa a lissafi.

Me ya sa shida ke wuya a waya?

Manhajar lido da ta fi suna a duniya ita ce Ludo King. Wani kamfanin Indiya mai suna Gametion, na Vikash Jaiswal, ya fitar da ita a 2016. Ta yi tashe sosai a 2020, lokacin kullen korona, kuma an sauke ta a wayoyi fiye da sau miliyan 500.

Ludo King da dayis ɗaya ake buga ta. Mu kuwa a Najeriya da biyu muka saba. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya sa mutum ya ji kamar an yi masa asiri.

Dayis fuska shida gare shi. Idan ɗaya ka jefa, damar shida ta fito ita ce ɗaya cikin shida, wato kusan kashi 17 cikin 100. Idan biyu ne, hanyoyi 36 ne za su iya faɗuwa, kuma a 11 daga ciki akwai shida aƙalla guda. Kusan kashi 31 cikin 100 ke nan. Wato wanda ya taso a kan allo ya saba ganin shida kusan ninki biyu na yadda zai gan ta a waya.

Abin ya fi fitowa fili idan aka dubi zaman jiran fita daga gida. A jefa sau 10 a jere babu shida ko ɗaya: da dayis biyu, wannan ba ya kai sau 3 cikin 100. Da dayis ɗaya kuwa sau 16 ne cikin 100. Abin da a majalisa sai an daɗe ake ganinsa, har a yi ta yi wa mutum dariya ana cewa ya je ya wanke hannu, a waya abu ne na kullum, ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Sannan ga halin ɗan Adam. Ranar da aka cinye maka ɗa saura taku biyu ya shige gida, ba ka mantawa. Ranar da kai ka yi wa wani haka, ƙwarewa ce.

Mai kamfanin ya sha musanta zargin maguɗi a hirarrakinsa da 'yan jarida, yana cewa lambobin haka kawai suke fitowa. Ni ma ban ga wata hujja da ta nuna akasin haka ba, kuma lissafin da ke sama ya ishe ni bayanin yawancin ƙorafin da nake ji.

To amma a nan maganar kawu ke shigowa. Ko da gaskiya kamfanin ya faɗa, ta yaya mutumin Gagarawa zai tabbatar? A majalisa ma ana maguɗi, kada wani ya yaudare ka. Akwai mai iya kife kofi ta yadda dayis ba zai juya ba. Akwai mai ƙirga biyar ya ajiye ɗansa a gida na shida idan ya ga hankali ya ɗauke. Sai dai akwai idanu. Wani ɗan kallo zai ce bai yarda ba, a sake. A karɓe kofin a duba. Idan mutum ya cika yi, a daina zama da shi, kuma wannan hukunci ne mai zafi a ƙaramin gari.

A waya babu wanda za ka ce wa a sake.

Dokar da muka yi wa kanmu

Lido da karta ba a nan aka haife su ba. Lido jikan wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi, wanda Turawan Ingila suka sauƙaƙa suka fitar da shi kasuwa da sunan Ludo a 1896. Kartar Whot kuwa, mai ɗauke da da'ira da kuros da tauraro da sauransu, wani Bature William Henry Storey ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga ta. A can an kusa mantawa da ita. Najeriya ce ta zama gidanta.

Da suka zo hannunmu, ba mu bar su yadda suka zo ba. A lidonmu, idan mutum biyu ne, kowa gida biyu yake ɗauka. Idan ɗanka ya hau kan na abokin karawa, nasa ya koma gida, naka kuma ya fita daga allo, ya gama tafiyarsa. Shi ya sa lidonmu wasan farauta ne: gwani ba ya gaggawar zagaye allo, laɓewa yake yi a bayanka yana jira. Kuma dayis biyu na ba ka zaɓi, ko ka haɗa lambobin a kan ɗa guda, ko ka raba su ga 'ya'ya biyu. A wannan zaɓin ake gane wanda ya iya.

A Ludo King ba haka ba ne. Idan ka ci ɗan wani, naka yana nan a kan hanya, ƙarin jifa kawai za a ba ka. Akwai gidaje masu tauraro da ba a cin kowa a kansu. Idan shida ta fito maka sau uku a jere, ta ukun ta rushe. Wasa ne mai kyau, amma wani wasan ne daban da ya ari sunan namu, ko kuma mu muka ari sunan nasa.

Karta ta fi haka rikici. Kowa ya san 2 na sa na gaba ya ɗebi biyu, 14 na tura kowa kasuwa, 20 na ba ka damar neman abin da kake so. Daga nan kuma sai yadda majalisa ta ga dama. A wani wuri 5 na sa a ɗebi uku, a wani wurin kati ne kamar kowane. Wasu sun yarda ka tare 2 da wata 2 ka tura wa na gaba huɗu, wasu sun ce babu tarewa. Wasu ba sa yarda a gama wasa da kati mai hukunci. Shi ya sa baƙo mai hankali, kafin a raba, yakan tambayi yadda ake yi a nan.

Wannan tambayar ita ce abin da waya ta kashe. Akwai manhajojin da 'yan Najeriya suka rubuta, irin su Whot King ta kamfanin Maliyo Games da ke Legas, da wasu na lido masu dayis biyu, kuma wasunsu na barin mutum ya kunna wata doka ya kashe wata. Wannan ci gaba ne. Amma zaɓin da mai rubuta manhajar ya tuna da shi kaɗai za ka samu. Dokar da unguwarku ta ƙirƙiro saboda wani rikici da aka taɓa yi shekara 20 da suka wuce ba ta ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda dokar waya ta fara dawowa kan allo. Na ga ƙanena, a kan allon katako, da dayis biyu a hannu, yana gardama wai ba a cin ɗa a gidan farko domin wurin tsira ne. Da aka tambaye shi inda ya samo wannan, sai ya ce ai haka dokar take. Ta waya yake nufi. A wurinsa ita ce ta asali, tamu ce ta gargajiya.

Su ma 'yan waya suna da hujja

Kada a ɗauka masu buga lido a waya ba su san abin da suke yi ba.

Je ka Maigatari daren Laraba, jajibirin kasuwar Alhamis, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi a wannan yanki na Afirka. Direbobi da yaran mota da masu lodi sukan yi awanni suna jira. Babu mai yawo da allon gilashi a cikin tirela. Waya kuwa tana aljihu, kuma mutum huɗu za su iya bugawa a kanta ko babu data.

Ɗa ba ya ɓacewa, balle a nemo murfin kwalba a maye gurbinsa. Ba a satar gida. Ba a tashi da faɗa saboda ƙirge, domin wayar ce ke ƙirgawa. Wani ya ce mini tun da suka koma waya ba a sake kifar da allo a majalisarsu ba, kuma na yarda da shi.

Ga zumunci daga nesa. Yaron da ya tafi ci-rani Legas ko Abuja yana iya buɗe ɗaki a manhaja, ya tura wa abokansa lamba ta WhatsApp, su buga kamar suna tare. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, zirga-zirga tsakanin Maigatari da garuruwan ƙasar Damagaram ta yi wuya. Waya ba ta san da shingen ba.

Sannan akwai waɗanda majalisa ba ta taɓa yi da su ba. Mata ba sa zama a bakin titi su kaɗa dayis. A waya, matar aure na iya bugawa da ƙanwarta da ke aure a Hadeja ko Kano, ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Duk mai kukan mutuwar majalisa ya kamata ya tuna cewa rabin gari ba su taɓa samun wurin zama a cikinta ba.

Kuɗin da ake kashewa ne dai ba a cika lissafawa ba. Allo sau ɗaya ake saye, ya yi shekaru. Waya kuwa kullum sai an kai ta caji an biya, data kuma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Tallan da ke faɗowa bayan kowane wasa da datarka yake zuwa.

Amurkawa sun riga mu yin wannan gardama

Abin da ya sa na daina raina maganar kawu shi ne labarin wani wasa da na karanta, daga ƙasar da ba ta san lidonmu ba.

A Amurka akwai wasan ƙwallo da ake kira besbol. Ƙungiya biyu ce, mutum tara-tara. Ɗaya ya jefo ƙwallo da ƙarfi, ɗaya ya doke ta da kulki, ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. Amurkawa na rubuta komai na wannan wasa: sau nawa wane ya doka, sau nawa ya kuskure, sau nawa aka fitar da shi.

Daga waɗannan alƙaluma ne wasu suka mayar da besbol wasan tebur. Richard Seitz ya fitar da APBA a 1951 a Jihar Pensilbeniya. Hal Richman ya fitar da Strat-O-Matic a 1961 a Niyok, kuma shi ne ya fi shahara.

Ga yadda yake. Kowane ɗan wasa na gaske yana da katinsa, wanda aka tsara bisa abin da ya yi a kakar da ta wuce. Kai ne koci. Sai ka jefa dayis uku. Na farko shi ke nuna katin da za a duba: 1 zuwa 3 na mai duka, 4 zuwa 6 na mai jifa. Sauran biyun a haɗa su, su ba da lamba daga 2 zuwa 12, a duba layin a ga abin da ya faru. Tunda 7 ta fi kowace lamba yawan fitowa, 2 da 12 kuma sun fi wuya, gwanin ɗan wasa za ka ga an zuba masa sakamako mai kyau a layukan tsakiya.

Ka kwatanta da a ce an yi wa kowane ɗan wasan Kano Pillars ko Jigawa Golden Stars kati, ka zauna da abokinka a kan tabarma ku buga kakar bara da dayis.

Wasan ya kama mutane har ta kai duk shekara, ranar da sababbin katuna suka fito, masoya kan yi layi cikin sanyin hunturu a ƙofar kamfanin da ke Glen Head. Da 'yan wasa suka yi yajin aiki a 1981, da kuma lokacin da korona ta tsayar da wasanni a 2020, da shi aka riƙa buga wasannin da ba a yi a fili ba ana ba mutane sakamako.

Tun a shekarun 1980 kamfanin ya fitar da na kwamfuta, daga baya na intanet. Nan masoya suka rabu, kuma har yau ba su haɗu ba. 'Yan kwamfuta na cewa kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka, wa ke da lokacin buga wannan da hannu yana rubuta sakamako a takarda? 'Yan kati da dayis kuma na cewa idan ka jefa da hannunka, ka ga lambar, ka bi layin da yatsa, ko an cinye ka ka san dalili. Dayis uku hanyoyi 216 suke faɗuwa, kuma mai son wasan zai iya zama ya ƙirga nawa ne daga ciki ke taimakon ɗan wasansa. Babu abin da ke ɓoye. Idan kwamfuta ce ta ce an fitar da gwaninka sau huɗu a jere, sai zuciya ta fara raya maka abubuwa.

Maganar kawu ce sak, da Turanci.

Abin lura shi ne kamfanin bai ce wa kowa ya yi haƙuri ya bi zamani ba. Yana sayar da na kwamfuta, kuma bai fasa buga katunan takarda duk shekara ba, fiye da shekara 60 ke nan.

Akwai ma wata igiya da ta haɗa wannan labari da gidajen gem na garuruwanmu. Trip Hawkins, wanda ya kafa kamfanin Electronic Arts a 1982, ya taso yana buga wasannin Strat-O-Matic, kuma ya sha faɗin cewa daga nan tunaninsa ya samo asali. Kamfaninsa ne ya fitar da FIFA a 1993, wanda ya koma EA Sports FC a 2023. Lambobin nan da yara ke gardama a kai, wane yana da gudu 90, wane 85, jikokin wancan katin ne. Bambancin shi ne yanzu ba ka ganin dayis ɗin.

Inda wasa ke daina zama wasa

Da a ce hira ce kawai, da ba sai an damu da wanda ke riƙe da dayis ba. Matsalar ita ce kuɗi na shiga.

Caca a kan lido da karta ba sabon abu ba ne, kuma kowa ya san gidan da ta rusa. Amma cacar da ake yi a ƙasa tana da shaidu. Ana ganin wanda ya zauna, ana ganin abin da ya ajiye, labari na iya kai wa mahaifinsa ko mai unguwa kafin magariba. Ta waya ba ta da ƙara. Ludo King dai da talla da sayar da sulallan cikin wasa take samun kuɗi, amma babu abin da ke hana mutum biyu su yi alƙawari a gefe, wanda aka ci ya tura ta banki. Akwai kuma wasu manhajojin da kai-tsaye kuɗi ake zubawa a ciki. Yaro na iya zama kusa da mahaifiyarsa a tsakar gida yana asarar kuɗin riɗin da aka aike shi ya karɓo, ita tana ganin wasa yake yi.

A nan tambayar ƙanena ta daina zama abin dariya. Wanda ya zuba kuɗinsa a kan dayis ɗin da ba ya gani, a manhajar da bai san mai ita ba, a ƙasar da ba zai iya kai ƙara ba, ya miƙa wuyansa ne kawai.

Hukumomi sun fara motsi, kowa ta fuskarsa. A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano. A Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Indiya kuwa, mahaifar lidon waya, a Agustan 2025 ta kafa dokar da ta haramta wasannin intanet da ake zuba kuɗi a cikinsu. Sai dai shago ake iya rufewa da kwaɗo. Abin da ke cikin aljihu sai mai aljihun.

Ta fuskar addini, haramcin caca ba abin gardama ba ne. Shi kansa wasa da dayis ko babu kuɗi, akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani da wani wasa mai suna nardi, kuma malamai da yawa na sanya lido a ƙarƙashinsa, wasu kuma na sassautawa idan babu kuɗi kuma bai hana salla ba. Na sha jin samari na cewa ai na waya ba dayis ba ne, hoto ne. Wannan fatawar majalisa ce, gara a kai ta gaban malamai.

Dara, wadda ba ta da kamfani

Duk wannan hayaniya, akwai wasan da bai motsa daga inda yake ba.

A inuwar darbejiya, bayan la'asar, dattijo zai share ƙasa da tafin hannu, ya haƙa gurbi 30, layi biyar na shida-shida. Ɗaya ya karyo karare 12, ɗaya ya tsinto tsakuwa 12. Shi ke nan an gama sayen kayan wasa.

Da farko shuka ake yi, kowa na ajiye ɗansa ɗaya bayan ɗaya a inda ya ga dama, amma ba a yarda ka jera uku a wannan mataki ba. Idan an gama sai tafiya: taku ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ba a tsallake, ba a bin kusurwa. Duk wanda ya jera uku a layi ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Wanda 'ya'yansa suka ƙare har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi, ya tashi wani ya zauna.

Gwanaye sun san tun a shuka ake cin wasa. Burin kowa shi ne ya kafa 'ya'yansa ta yadda ɗa guda zai riƙa kai-komo tsakanin gurbi biyu, duk motsin da ya yi ya cika uku. Idan ka bari aka kafa maka wannan, sai dai ka zauna kana kallo ana tsince ka ɗaya-ɗaya, 'yan kallo na yi maka ta'aziyya. Ba banza ba Hausawa suka ɗauki sunan wasan suka sa a magana, idan makircin mutum ya juyo kansa a ce dara ta ci gida.

Babu dayis a dara, babu sa'a, babu abin da ke ɓoye. Idan aka cinye ka, kai ne. Da za a sa ta a waya, babu mai cewa an yi masa maguɗi. Ga shi kuma ita ce ba ta samu shiga ba. Lido na da kamfani a Indiya, karta na da masu rubuta ta a Legas, dara kuwa ba ta da mai talla.

Waɗanda suka kula da ita masu bincike ne. Wani likita ɗan Ingila, R. C. Bell, ya bayyana ta a littafinsa na wasannin allo na duniya da ya fara fitowa a 1960, inda ya danganta ta da Dakarkari. Zabarmawa a Nijar na da irinta, suna kiranta dili. A 2018 wani masani, Cameron Browne, ya fara wani aiki a Jami'ar Maastricht da ke Holan na shigar da wasannin gargajiya na duniya cikin kwamfuta. Manhajarsu mai suna Ludii na ɗauke da wasanni fiye da 1,000, kuma dara na ciki.

Abin a yaba ne. Amma dokar da ke ciki daga littattafai aka ɗauko ta, littattafan kuma abin da wani baƙo ya gani a wani gari guda ne, a wata shekara guda. Dara kuwa, kamar karta, tana da 'yan bambance-bambance daga wuri zuwa wuri. Idan huɗu suka jeru, ci ne ko ba ci ba ne, ko ma haramun ne a jera su? Ana iya cire ɗa daga cikin ukun da abokin karawa ya riga ya jera? Wa ke fara tafiya bayan shuka? Wannan ba a littafi ake yanke shi ba, dattawan wurin ne ke yankewa. Ga kuma wata darar daban, mai gurbi 12 da ake zuba tsakuwa huɗu-huɗu, wadda ita ma sunan da muke kiranta ke nan.

Ranar da wani ya rubuta manhajar dara da ta karɓu, kuma ranar na zuwa, dokar da ya sa a ciki ita yara za su ɗauka ta asali, kamar yadda ƙanena ya yi da lido. Idan daga littafin 1960 ya kwafo, to darar Sule Tankarkar za ta zama kuskure a idon jikokin masu ita.

Ga Kwalejin Ilimi a Gumel, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Jami'ar Tarayya a Dutse. Duk shekara ɗalibai na yawon neman abin da za su yi bincike a kai. Ɗalibin Hausa ɗaya da ɗalibin kwamfuta ɗaya sun isa. Na farko ya zagaya majalisun dara na ƙananan hukumomin nan huɗu da littafi da biro, ya rubuta yadda kowace ke yi, da sunayen da suke kiran kowane salo, da zambon da ake yi wa wanda aka ci. Na biyu ya gina manhajar da za ta fara da tambayar da baƙo mai hankali ke yi, wato darar wane gari za a buga. Aikin farko ya fi gaggawa, domin masu amsar ba yara ba ne.

A hutun Sallar da ta wuce ƙanena ya sake matsa wa kawu, har ya kai masa wayar gabansa ya buɗe masa. Kawu ya juya ta, ya duba, ya tambaya ko za a iya jefa dayis na gaske a faɗa wa wayar abin da ya fito ita kuma ta matsar da 'ya'yan. Aka ce masa ba ta karɓar haka. Sai ya miƙa masa abarsa, ya aika a ɗauko allo a ɗaka.

Babu wuta a daren. Wayar aka jingina da buta, aka kunna fitilarta, suka buga uku. Kawu ya ci biyu.